Na'urar kiran mujiya don sanya mata zobe: wa ya taɓa haɗa irinta a Kano?

Auwal_Dorayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin nazarin dabbobi, kuma aikina a kan ƙananan mujiyoyin da ke zaune a gefen birnin Kano ne. Malamin da ke duba aikin yana da horon sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa don a gane su, ragar kama su ma tana hannu. Abin da ya rage mana shi ne na'urar da za ta riƙa maimaita kukan mujiya da dare har ta jawo su zuwa inda aka kafa ragar. Ta ƙasar waje kuɗinta ya fi ƙarfinmu, shi ya sa nake so a haɗa a nan gida da kayan Sabon Gari. Buƙatata uku ce: ta yi aiki daga bayan isha'i zuwa wajen ƙarfe biyun dare ba ta mutu ba, ta jure ƙurar hunturu, kuma mutum ɗaya ya iya ɗaura ta a bayan babur. Inda na tsaya shi ne zaɓen lasifika: mai baki irin ta masallaci ko kuwa zagayayyar nan ta cikin rediyo? Masu sani ku taimaka.

Sadiq_FarmCentre:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa me ya kai ka wahalar haɗe-haɗe? Sayi ƙaramar sifika mai Bluetooth, ka sa memori, ka rataye a bishiya. An gama.

Injiniya_Nafiu:
Sadiq, wannan ba za ta kai shi ko'ina ba. Yawancinsu ƙarar da suke bayarwa ta cikin ɗaki ce, in ka fita fili iska ta shanye ta. Ga shi kuma idan caji ya yi ƙasa sai ka ji muryar mace ta katse sautin tana sanarwa da Turanci, wasu ma kashe kansu suke yi. Tsuntsun da ya kusa faɗawa raga in ya ji haka ai ya tafi kenan.

Auwal, ga yadda zan haɗa in ni ne. Ƙaramin allon nan DFPlayer Mini shi zai karanta sautin daga memori, yana karɓar kati har mai giga 32 in an tsara shi a FAT32. Kada ka dogara da amfilifayar da ke jikinsa, wat 3 ce kawai. Ka ɗauki sauti daga ƙafafun DAC, wato inda allon ke fitar da sauti, ka kai wa amfilifaya ta daban, PAM8610 in ƙaramin aiki ne, TPA3116 in kana son ƙarfi. Wuta kuma batirin UPS mai bolt 12, amfiya 7. Tunda DFPlayer ba ya ɗaukar sama da bolt 5, sai ka sa allon rage wuta LM2596 a tsakani ya rage masa. Fiyus kusa da kan batir, makunni ɗaya, shi kenan. In ka haɗa ƙafar DFPlayer mai suna ADKEY1 da nagatif, zai kama sauti na farko ya yi ta maimaitawa, ba ka buƙatar wata ƙaramar kwamfuta irin Arduino.

Auwal_Dorayi:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Batirin zai kai awa shida kuwa?

Injiniya_Nafiu:
Lissafi ne mai sauƙi. Bolt 12 sau amfiya 7, wat 84 kenan na awa guda. Amma irin wannan batir ba a son a zuƙe shi ƙasa da rabi, in ba haka ba zai mutu da wuri. To ka ƙaddara 40 kake da su. Kukan mujiya ba kiɗa ba ne, ɗan sauti ne sai shiru, ɗan sauti sai shiru, don haka abin da amfilifaya ke ja a matsakaici kaɗan ne. In ka tsaya a wat 5 ko 6 a matsakaici za ka kai lokacinka. Ka sa ƙaramar mita mai nuna bolt a jikin akwatin, da ta sauko kusa da 12 daidai ka kashe.

UmmuHanifa:
Innalillahi. Wai mujiya za ku kira da kanku? Mu a unguwarmu in ta yi kuka a kan soro, tsofaffi barci ba ya ɗaukarsu sai an fita an kore ta. Don Allah kada a kawo wannan abu kusa da gidajen mutane.

Malam_Sani_Gwale:
Hajiya Ummu Hanifa, Allah ya ƙara lafiya. Wannan tsoron tsoho ne, ya girmi ƙasar Hausa ma. Larabawan jahiliyya suna cewa in mujiya ta sauka a kan gida to wani zai mutu a cikinsa. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya kore camfi da tsuntsu, ya kore "hama", wadda malamai da yawa suka ce mujiya ake nufi. Halitta ce daga cikin halittun Allah, dare ne lokacin neman abincinta. Sai dai ina da magana ga shi Auwal: addinin da ya hana camfi shi ne ya hana a ɗaga wa tsuntsu hankali a banza. Akwai hadisi a Abu Dawud na tsuntsuwar da sahabbai suka ɗauke wa 'ya'ya, Manzon Allah (SAW) ya ce a mayar mata da su. To a kiyaye, ban da lokacin da suke kan ƙwai ko suke ciyar da 'ya'ya.

UmmuHanifa:
Na ji Malam, na kuma gode. Amma jin wa'azi daban, jin kukan nan ƙarfe ɗayan dare daban. Maganata ta nesa da gidaje tana nan.

Dakta_Hadiza:
Maganar Hajiya tana da tushe ko da an ajiye camfi a gefe, zan dawo kanta. Bari in fara ba Auwal asalin abin, don ya san me yake kwaikwayo.

Wannan dabara ta yi suna ne a Amurka a kan wata 'yar ƙaramar mujiya mai ƙaura da ake kira saw-whet. A 1986 wani mai sanya zobe, Tom Erdman, ya fara kunna kukan namijinta kusa da raga a tasharsa ta jihar Wisconsin, sai adadin da ake kamawa ya ninka sau huɗu zuwa goma. Daga nan ne aka gane cewa tsuntsuwar da ake zaton ba ta da yawa, ashe wucewa take yi cikin dare babu mai gani. A 1994 David Brinker ya kafa Project Owlnet don tashoshi su riƙa aiki da tsari ɗaya. Su suna kunna sautin da ƙarfi sosai, desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 100 zuwa 110 in an auna daga mita 2, da raga mai ido milimita 60.

Amma Auwal ka lura da kyau: su tsuntsu mai wucewa a sama suke son saukowa da shi, shi ya sa suke buƙatar wannan ƙarar. Naka mazauna ne. Namiji yana da yankinsa, da ya ji wani namiji yana kuka a cikin bishiyoyinsa zai zo da kansa ya ga wane ne. Ba ka buƙatar ka cika masa kunne. Ƙarar da ta wuce kima ma tana iya korarsa, don zai ɗauka wanda ya fi ƙarfinsa ne ya shigo.

Ga inda maganar Hajiya ta shigo. Sauti a fili yana raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka. In ka fara da 100 a mita 2, a mita 16 kana da 82, a mita 128 kana da 64. Wannan ya kai ƙarfin hirar mutum a kusa da kai, cikin tsakar dare, awa bayan awa. Ba wanda zai yarda da haka a bayan katangarsa.

Auwal_Dorayi:
Madalla Dakta. Kenan in rage buri a kan ƙarfi. Iri uku nake nema: ƙaramar mai tukkun kunne ta Afirka, mai farar fuska, da 'yar mitsitsiyar nan mai ɗigo-ɗigo da take da tabo biyu a ƙeya kamar idanu.

Dakta_Hadiza:
To kowacce da muryarta, kuma a nan ne tambayarka ta lasifika take da amsa. Mai tukkun kunne ɗan gajeren "krrup" take yi, ta yi shiru na 'yan daƙiƙu, ta sake. Mai ɗigo-ɗigo fito take yi yana hawa sama sannan ya zubo. Waɗannan biyun lasifika mai baki za ta fitar da su tsaf. Mai farar fuska kuwa muryarta ta fi kauri da taushi. Lasifikar masallaci an yi ta ne don maganar mutum ta yi nisa, ba ta iya sauti mai kauri, tana yanke shi ta bar wani abu siriri. In har za ka haɗa da ita, ni zagayayyar nake ba ka shawara, mai inci 5 ko 6, a cikin akwati rufaffe.

Injiniya_Nafiu:
Dakta a yi min afuwa, a nan ban bi ki ba. Zagayayyar sifika takarda ce, ko roba mai laushi. Ƙurar Disamba da raɓar asuba za su cinye ta kafin ya gama aikin. Sannan tana cin wuta: ƙarar da mai baki za ta ba ka da wat 2, ita sai ka zuba mata ninkin-ba-ninkin. Mai baki ƙarfe ce ko roba mai tauri, ruwa ma ba ya damunta, kuma in ƙwaryarta ta ƙone ana samun canji a France Road.

Bello_Kabuga:
Akwai sifikar mota irin wadda ake sa wa a ƙofa, wasu fuskarsu roba ce mai ƙarfi ba takarda ba. Ohm 4 ce, ta dace da waɗannan amfilifayoyin. Ka samu bokitin fenti mai murfi, ka yanke murfin daidai faɗinta, ka ɗaure da noti, ka shafa silikon a gefe. Batir da allo su zauna a ƙasan bokitin a kan soso, ka rufe fuskar sifikar da ragar sauro ninki biyu. Na haɗa wa wani mai tallan magani irin haka yana yawo da ita kasuwannin ƙauye, ƙura ba ta taɓa kashe ta ba. Ga mariƙi kuma a shirye, sai rataya.

Injiniya_Nafiu:
Bokitin na yarda da shi Bello. Abu ɗaya: batirin UPS kada a toshe shi ɗam lokacin caji, a buɗe murfin.

Dan_Dawanau:
Ni fa tambayata daban. In an kama an sa zoben, sai me? Wa zai sake ganinta? Ni abin da na sani, a sitonmu akwai farar mujiya da ta shekara tana kwana a cikin rufi. Yaran shago suka so kashe ta, na hana, don na ga abin da take amayarwa a ƙasa: ɗan curi baƙi, in ka murje shi da tsinke gashin ɓera ne zalla da 'yan ƙasusuwa, har da ƙoƙon kai da haƙoran gaba. Tun daga nan na ce duk wanda ya taɓa ta ni da shi ne.

Dakta_Hadiza:
Alhaji ka yi daidai, kuma curin nan da ka gani mu kanmu shi muke tattarawa mu san abin da take ci. Gida ɗaya na farar mujiya, uwa da uba da 'ya'ya, suna cin dubban ɓeraye a shekara. A Malesiya har akwatuna ake kafa musu a gonakin kwakwar manja don su zauna su yi maganin ɓera.

Zobe kuwa lamba ce da ba a maimaita ta. Wani malamin makaranta a Denmark, Mortensen, shi ya fara a 1899. In an sake kama tsuntsun, ko aka tsinci gawarsa, lambar za ta faɗi inda aka sa masa da ranar. Da haka ake sanin shekara nawa suke yi, ko suna zama wuri ɗaya, ko sare bishiyoyi yana korarsu. Akwai ma wata mai tukkun kunne da take hayayyafa a Turai ta tsallako Sahara ta yi hunturu a yankinmu. A ido kusan ɗaya suke da tamu, sai an riƙe ta an auna fiffike, nata ya fi tsawo.

Maharbi_Rimingado:
Ku yi haƙuri in faɗi abin da ba a so. Ni maharbi ne, na gada. Kuna rubuta yadda ake kiran mujiya a fili, kowa yana karantawa. Kun san ana sayenta? Masu tsibbu suna neman kai da ido da zuciya, ana kai wa kasuwa a busar. Yaron da ya karanta wannan ya haɗa bokitinsa ba zobe zai sa mata ba. Mu da muke kwaikwayon kukan dabba da baki mun san amfanin kira, mun kuma san ɓarnarsa in ya faɗa hannun wanda ba shi da tsoron Allah.

Sadiq_FarmCentre:
Gaskiya Baba ya faɗi magana.

Bello_Kabuga:
Baba Maharbi, duk wanda yake da waya yana da kukan tsuntsu a aljihunsa. Shafin xeno-canto tun 2005 yake, kyauta ne, akwai kukan kusan kowane tsuntsu. Ɓoye yadda ake haɗa amfilifaya ba zai kare ko ɗaya ba.

Maharbi_Rimingado:
Ɗana, waya ba ta kai sauti bayan gari. Abin da kuke haɗawa yana kaiwa. Ban ce a fasa ba. Na ce kada a faɗi wurin da ake samunsu, kada a sa hoton bishiyar, kuma na'urar ta kwana a hannun malamin ba a ɗakin ɗalibai ba.

Auwal_Dorayi:
Baba na karɓi wannan sharaɗi gaba ɗaya. Ba zan ambaci wuri a nan ba, kuma a rubutun ma sunan yanki kawai za a sa. Dangin mujiya duka suna cikin jerin yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, cinikinsu zuwa waje ba a sake yake ba. Mu ma ba za mu kafa raga ba sai da takardar izini daga ma'aikatar muhalli da ta makaranta.

Kabiru_Jos:
Ina bin zancen tun farko. Na samu horon raga a wajen masu aikin tsuntsaye a Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take a dajin Amurum tun 2001. Abin da nake so in ƙara ba na waya da batir ba ne. Na'ura ita ce mafi sauƙi a aikin nan. Daga lokacin da ka kunna ta, duk abin da ya samu tsuntsun a wuyanka yake.

Kukan ƙaramar mujiya ba 'yan uwanta kaɗai yake kira ba. Babbar mujiya mai ruwan toka tana jin sa, kuma ƙananan abincinta ne. Kyanwar gari ma tana zuwa. Tsuntsun da ke rataye a raga ba shi da hanyar gudu. Saboda haka ba a kunnawa a tafi shan shayi. A zauna kusa, a duba raga aƙalla kowane rabin awa, in an ga babba tana shawagi a kashe sauti a naɗe raga, daren ya ƙare. Layin ƙasa na ragar kada ya taɓa ciyawa. In iska ta taso ma a naɗe, raga mai kaɗawa tana ji wa fiffike.

Wajen cirewa, ƙafa ake fara kamawa, don farcen ne makaminta, ba baki ba. A sa ta a jakar yadi ita kaɗai, a auna nauyi da fiffike, a matse zobe da filayar da aka yi don haka, a juya shi a ga yana yawo a ƙafa bai kama fata ba. Fitilar goshi ja ta fi. Kafin a sake ta a kashe haske a bar ta 'yan mintuna a duhu idonta ya dawo, sannan a ɗora ta a reshe ta tashi da kanta.

Dakta_Hadiza:
Kabiru ya gama magana. Ƙari ɗaya Auwal: ka nemi 'yar tocila mai hasken UV, irin ta duba kuɗi. In ka haska ƙarƙashin fiffike, sababbin gashi suna bayar da launin ruwan hoda mai haske saboda wani sinadari, porphyrin, da ke dusashewa in gashi ya tsufa. Da shi ake rarrabe ɗan bana da babba. Ka kare mata ido da hannunka lokacin haskawa. Sannan ka rubuta a littafinka wane sauti ka kunna da tsawon lokacin, domin kira yana zaɓen wanda zai zo. A Amurka mata suka fi faɗawa ragar saw-whet nesa ba kusa ba, alhali kukan namiji ake kunnawa. In ba ka rubuta ba, wani zai karanta sakamakonka ya ɗauka haka jinsin yake a daji.

Mai_Unguwa_Jr:
Mahaifina mai unguwa ne, bari in faɗa muku ta ɓangarenmu. Mutum uku da fitila ja a goshi, da raga, da bokiti mai kukan mujiya, a bayan gari ƙarfe ɗayan dare, a wannan zamani? 'Yan sintiri ba za su tsaya tambayar sunan jami'arku ba. Ku je wa dagaci da rana da takardarku, ku gaida limami, ku sanar da ofishin 'yan sanda na yankin. Ku ɗauki ɗaya daga cikin 'yan sintirin ya zauna da ku, ku ba shi na goro. In ya ga an sa zobe an saki tsuntsu da idonsa, gobe shi zai yi wa gari bayani.

UmmuHanifa:
Yauwa. Wannan ita ce maganar da nake ta nema a yi.

Sadiq_FarmCentre:
Tambaya Injiniya, na taɓa jin DFPlayer yana ƙugi in an haɗa shi da amfilifaya a batir ɗaya. Gaskiya ne?

Injiniya_Nafiu:
Gaskiya ne, kuma a aikin Auwal ya fi muni don tsakanin kuka da kuka shiru ake so. Maganinsa: duk wayoyin nagatif su haɗu a wuri ɗaya kusa da batir, wayar sauti ta zama gajeriya mai rufin raga, a sa kafasita mai maikrofarad 470 ko 1000 a bakin wutar DFPlayer. In ya ƙi, a ba shi ɗan power bank nasa daban, ƙugin zai ɗauke. Shi kuma fayil ɗin a gyara shi a manhajar gyaran sauti ta Audacity, a yanke kukan kwaɗi da na gyare, kada a ɗaga shi har ya tsage.

Dakta_Hadiza:
Kuma a bar tazarar da tsuntsun ya bari da kansa, kada a matse kukan don a ga ya yi sauri. A zaɓi wanda aka naɗa a Afirka ta Yamma in akwai. A sa minti biyu ko uku na kuka, sannan shiru mai ɗan tsawo a cikin fayil ɗin, don a nan ne za ka ji in an amsa maka. Kada kuma a dami bishiya ɗaya dare bayan dare.

Auwal_Dorayi:
Na rubuta duka. To yanzu a kan lasifika, Dakta ta ce zagayayya, Injiniya ya ce mai baki, Bello ya ce ta mota a bokiti.

Kabiru_Jos:
Mai baki gefe ɗaya take harba sauti, wanda ke bayanta kaɗan yake ji. In za ka yi amfani da ita ka kallar da ita sama, ko ka riƙa juya ta.

Injiniya_Nafiu:
In ta kalli sama raɓa za ta taru a cikinta. A ɗan karkata ta dai. Auwal ka zo shago ranar Asabar bayan la'asar da memorinka, ina da mai baki ta wat 15, Bello ya taho da tasa ta mota. Mu sa soket a jikin bokitin yadda za a iya cire wannan a sa waccan, mu fita fili mu tsaya a taku hamsin mu saurara.

Dakta_Hadiza:
Kunnen mutum ba shi ne alƙali ba Injiniya. Ku naɗi abin da kowacce ta fitar da waya, ku buɗe a Audacity ku kwatanta zanen sautin da na asali. Ku fara da na mai farar fuska. Kuma ku yi gwajin da rana, da ƙaramar murya, ban da kukan mai ɗigo-ɗigo, don shi da rana ƙananan tsuntsaye yake tarawa su zo faɗa.

Bello_Kabuga:
Zan zo da bokiti biyu. Auwal ka taho da ragar sauro da soso, silikon ina da shi.

Maharbi_Rimingado:
In kun tashi fita daji ku neme ni ta akwatin saƙo. Akwai wuraren da ba a kafa raga saboda macizai suna fitowa shan ɗumi da farkon dare, zan nuna muku.

Dan_Dawanau:
Dakta, akwatin nan na Malesiya da kika ambata, nawa ne faɗinsa da tsayinsa, kuma ƙofar ta kalli ina? Ina da kafinta.